Turancin Ƙanƙara: Wa Ke Gaba, Wa Ke Baya?

A wannan fitowa mun ga ya kamata mu ɗan huta da maganar kwatoci da ta harajin kasuwa, mu kawo muku wani zance da ya taɓa tasowa a tsakar gidanmu a Nima, wanda da farko muka ɗauke shi abin raha, daga baya muka ga ashe akwai abin dubawa a cikinsa. Zancen ƙanƙara ne, da yadda Bature yake harhaɗa kalmominsa idan zai ambaci gutsattsarinta, manya da ƙanana.

Abin ya faru ne cikin watan Maris na 2015, lokacin da ake tsakiyar wahalar ɗauke wuta, wadda duk ƙasar nan ta sani da suna dumso. Duk wanda ya zauna a Ankara a wancan lokaci bai manta ba, a ba ka wuta awa 12, a ɗauke awa 24. To ƙanwarmu, wadda yaran gida ke kira Mma, sana'arta ke nan tun rasuwar mijinta, ta ƙulla ruwa a leda, ta jera a firiza ya daskare, da safe masu sobolo da lamurji da burkina su zo su saya. Da wannan ciniki take sayen littattafan 'yarta, take biyan kuɗin darasin yamma. Saboda haka ranar da babu wuta, firizar nan sai a lulluɓe ta da buhuna da tsofaffin barguna, a kafa dokar kada wanda ya kuskura ya ɗaga murfinta, ko da kuwa ƙishirwa za ta kashe shi.

A irin wannan dare ne yarinyar, tana aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, ta same mu muna shan iska a kan benci, ta miƙo mana takardar gwajin Turanci, fuska a murtuke. Muka haska tocila. Wuri biyu malaminsu ya soke da jan biro. Na farko an ce a cike gurbi a jimlar wani da yake roƙon a jefa masa guntun ƙanƙara a tambulan, an rubuta "ice" an bar fili. Ita ta cike da "block", malam ya soke ya rubuta "cube". Na biyu an ce a kawo sunan tiren da ake daskarar da ruwa a cikinsa, ta rubuta "tray ice", malam ya ja kibiya ya juya kalmomin, ya mai da su "ice tray".

Ta ce mana, "Kawu, kai da kullum kake cikin jarida, don Allah gaya mini gaskiya. Abin da Mma take sayarwa ba ais bulok ba ne? Duk Nima haka ake cewa. Shi kansa malamin yakan aiko a saya masa, kuma ban taɓa jin ya ce a sayo masa kiyub ba."

Muka yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Shekara mai zuwa za ta zauna jarrabawar BECE, wadda ita ce ke raba wanda zai wuce babbar sakandare da wanda zai tsaya, kuma Turanci yana cikin darussan da ba a wasa da su. Maki biyu a gwajin aji ba wani abu ba ne. Abin da ya dame mu shi ne, kurakuran nan biyu ba na rashin karatu ba ne. Ɗaya daga titi ta ɗauko shi, ɗaya kuma daga cikin Hausar da ta sha a nono. Yaron zango kuwa tsakanin waɗannan biyun yake tashi. Sai muka aika aka ɗauko mana tsohon ƙamusunmu wanda bangonsa ya riga ya rabu da shi, muka buɗe wajen kalmar "ice", muka ce ta matso.

Muka fara da kuskure na biyu, don shi ne mai tushe. Bahaushe idan zai haɗa suna biyu, ainihin abin da yake nufi shi yake fara ambata, sannan ya liƙa masa ɗan harafin nan na -n ko -r, ya kawo mai bayani a baya. Miyar gyaɗa miya ce, ba gyaɗa ba. Ruwan rijiya ruwa ne, rijiyar ruwa kuma rijiya ce. Shi kuwa Bature tafiyarsa irin ta hawan sarki ce, zagage da 'yan rakiya su ne a gaba, mai gayya yana baya. Kalmar ƙarshe ita ce abin, duk wadda ta gabace ta bayani take yi a kanta. Don haka "ice tray" tire ne, "ice cube" ɗan dunƙule ne mai kusurwoyi kamar na Maggi, "ice block" kuma bulo ne. Yarinyar nan da ta rubuta "tray ice", tiren ƙanƙara ta faɗa a zuciyarta da kyakkyawar Hausa, sannan ta sauya wa kowace kalma riga ta bar su a inda suke tsaye.

Kuma fa juyin ba ado ba ne, ma'ana yake canzawa. Muka nuna mata a ƙamus ɗin, "ice water" ruwa ne mai ƙanƙara a ciki, wanda za ka kurɓa. Amma "water ice" wani abin zaƙi ne daskararre da ake yi da ruwan 'ya'yan itace da sukari, da cokali ake shansa. Kalmomi biyu ne rak, ba a ƙara ba a rage ba, wurin zama kawai suka yi musaya.

Da muka ga kamar abin bai zauna mata ba, sai muka tambaye ta, me mutanen garin nan suke kiran kokon da ake sayarwa da ƙosai a bakin titi kowace safiya? Ta ce Hausa koko. Muka ce to da Hausa fa? Ta yi shiru, can ta ce, "Kokon Hausa." Sai ta bushe da dariya, don ta ga abin da idonta. Sunanmu ne a jikin abincin, amma jerin ba namu ba ne. Kuma ba Turanci kaɗai ke da wannan jeri ba. Maƙwabtanmu Asante idan za su ce miyar gyaɗa, nkatenkwan suke cewa, gyaɗa a gaba miya a baya, haka miyar kwakwar manja, abenkwan. Zomkom ɗin da muke sha a wajen suna da biki, a bakin Mosawa gari ne a gaba ruwa a baya. Ke nan ɗan zango yana kewaye da harsunan da ke ajiye mai gayya a ƙarshe, shi kaɗai ne nasa ke shiga gaba. Abokin tafiyarmu a wannan hanya shi ne Larabcin da muka karanta a makarantar allo, inda ake cewa Baitul Mali da Lailatul Ƙadari, gida a gaba, dare a gaba. Mun daɗe muna mamakin yadda ba a cika samun malamin Turanci da zai tsaya minti biyar ya nuna wa 'ya'yanmu wannan bambanci ba. Watakila don yawancin malaman ba Hausa ce harshensu ba, su a nasu harshen ba a yin wannan tuntuɓe, sai su ɗauka yaron ne bai mai da hankali ba.

Akwai kuma wani abu da haɗin kalmomin nan ba ya faɗa, sai dai mai ji ya cike da kansa, wato mene ne tsakanin kalma ta farko da ta biyu. A "ice cube" da ƙanƙarar aka yi abin. A "ice chest", akwatin nan da kowace mai sayar da ruwa ke ɗauka a ka, ba da ƙanƙara aka ƙera shi ba, ita ake zubawa a ciki. "Icebreaker" kuwa jirgin ruwa ne mai ƙaton ƙirji da ke farfasa ta ya buɗe wa sauran jirage hanya a tekunan da ke daskarewa, wato shi abokin gabanta ne. Yarinyar ta ce ai wannan rashin tsari ne. Muka ce ta yi a hankali kada ta zagi gida. Gidan ƙasa da ƙasa aka gina shi. Gidan mai, mai ake sayarwa a ciki. To gidan sauro fa, sauro ne ke kwana a ciki? Maganin ƙarfi yana kawo ƙarfi, maganin sauro yana kashe sauro, kuma ba mu taɓa jin Bahaushen da ya ruɗe ba. Baƙo ne kawai ke tsayawa yana zare ido, kamar yadda mu ma muke yi a gaban na Bature.

Wajen rubutu dai, nan kam mun yarda da ita cewa babu wata doka da za a kama. Wasu a rabe ake rubuta su kamar "ice cube", wasu da ɗan karan ɗori a tsakani kamar "ice-cold", wasu kuma sun manne sun zama kalma guda kamar "iceberg". Galibi wadda ta daɗe a baki ita ce ke mannewa, amma "ice cream" ya fi shekara 250 ana faɗarsa kuma har yau a rabe yake. Wannan sai dai hadda da duba ƙamus.

Sai muka dawo kan ƙarar da ta kawo, wato tsakanin bulo da dunƙule wa ke da gaskiya. Mu da muka ɗan kwana biyu a duniya mun riga sanin bulo. Kafin firji ya shiga kowane gida a zango, randa da tulu su ne masu sanyaya mana ruwa. An gama madatsar Akosombo a 1965, amma an ɗauki shekaru kafin talaka ya mallaki abin da zai jona ya daskarar da ruwa a ɗakinsa. Ƙanƙarar da muka fara gani da idonmu irin ta masunta ce da masu sayar da kifi, dogon bulo mai nauyi, akan sami mai kilo 25, ana turo shi a kura an binne shi cikin garin katako an rufe da buhun koko don kada ya narke a hanya. Ranar biki sai a sayo rabi, a sa guduma a farfasa a cikin baho, yara muna wawar ɓarɓashi.

Wannan dabara ta garin katako kuwa tsohuwa ce. Wani ɗan kasuwa na birnin Boston a Amurka, mai suna Frederic Tudor, shi ya shahara da yanko ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare da hunturu yana kai wa ƙasashe masu zafi. A 1806 ya fara aika jirgi zuwa tsibirin Matinik, mutane suna yi masa dariya, kuma ya tafka asara. Bai daddara ba. A 1833 ya loda tan 180 zuwa Kalkata ta ƙasar Indiya, tafiyar wata huɗu, aka ƙetare tsakiyar duniya sau biyu, jirgin ya isa da kimanin tan 100 bai narke ba. Har yau ginin da aka riƙa adana irin wannan kaya a Madaras, wadda yanzu ake kira Chennai, yana nan tsaye. A zamanin wannan ciniki ne kalmomi irin su "icebox" da "iceman" suka cika bakin mutanen Amurka, wato akwatin ajiye ta da mai yawon rarraba ta gida gida. Shi ɗan dunƙulen tambulan bai zama ruwan dare ba sai da firjin lantarki ya shiga gidaje da tirensa mai ɗakuna ɗakuna, daga shekarun 1920 zuwa 1930. Ke nan bulo ne babba, dunƙule ƙane ne.

Amma girma ba ya ba da gaskiya a ɗakin jarrabawa. A Turancin littafi, "block" abu ne da sai an sa hannu biyu, ba ya shiga tambulan, don haka malam bai zalunce ta ba. Ita ma kuma ba ƙarya ta yi ba. Abin da Mma take ƙullawa, mai girman dunƙulen hannu, ba bulo ba ne ba kuma mai kusurwa ba ne, siffar leda kawai ya ɗauka, amma duk Ghana "ice block" ake ce masa, kuma duk wanda ya je wajen mai firiza ya nemi "cube" sai an tambaye shi daga ina ya zo. Kada kuma a ɗauka mu kaɗai muka karkatar da kalmar. A Ostareliya, inda Turanci ne harshen uwa, idan yaro ya ce a saya masa "ice block", alawar ƙanƙara mai tsinke yake nufi, wadda yaron Ingila ke kira "ice lolly". Babu wanda ya ce mutanen Ostareliya ba su iya Turanci ba. Bambancin kawai, mai duba takardar 'ya'yanmu da ma'aunin littafi yake aiki, kuma mu ne za mu biya kuɗin maimaita aji. Muka ce mata ta riƙe biyun, ta san wanda za ta fitar a kasuwa da wanda za ta fitar a takarda.

A nan ne Mma, wadda muke zaton gyangyaɗi take yi a bakin ƙofa, ta jefo tata. Ta ce ita tun tana yarinya take tallar ais wata, da bokiti da kofi ɗaya kowa ya sha ya miƙo, daga baya aka koma ƙullawa a leda, kafin fiya wata ta inji ta zo wajen ƙarshen shekarun 1990 ta kori kowa daga titi. Ta ce akwai wani akawu da kullum in ya tsaya saye sai ya gyara mata magana, wai "iced water" ake cewa, da harafin d a ƙarshe. Ta ce har yau abin yana ci mata rai. Muka ce to yau ga ranar ramuwa. Askirim ɗin da kowa ke sha, su Turawan da kansu "iced cream" suka fara ce masa a ƙarni na 17, wato kirim da aka sanyaya, kafin bakinsu ya gaji da ɗan harafin nan da ke maƙale tsakanin baƙaƙe biyu, su yar da shi a ƙarni na 18. "Ice water" kuwa yana nan cikin ƙamus, mutanen Amurka haka suke faɗa. Don haka mai talla da ta ce ais wata, da mai dama dokunu da madara da sukari ta ce ais kenke, hanyar da masu harshen suka bi ita suka bi. Mma ta ce da ma akawun nan yana da rai ta aika masa da shafin.

Ragowar kalmomin da ke shafin, yawancinsu na abubuwan da ba mu taɓa gani ba ne sai a talabijin. "Iceberg" ba ma asalin Turanci ba ne, daga mutanen Holan aka aro, a harshensu "berg" tsauni ne, wato tsaunin ƙanƙara. Yarinyar ta tambaya yadda za a yi tsauni ya yi iyo. Muka ce ta tambayi uwarta dalilin da ba ta cika leda fal in za ta sa a firiza. Mma ta ce fashewa take yi. To shi ke nan, ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya fi ruwan da bai daskare ba sauƙin nauyi, ya taso sama. Amma ɗan kaɗan ne ke lekowa, kusan kashi ɗaya cikin goma, saura duk yana ƙarƙashi. Irin wannan ne jirgin Titanic ya goga a daren 14 ga Afrilu 1912, a kan hanyarsa daga Ingila zuwa New York, mutum fiye da 1,500 suka halaka. Bayan wannan masifa aka kafa ma'aikatar ƙasa da ƙasa mai sintirin lura da ƙanƙara a arewacin tekun Atlantika a 1914. Su masu wannan aiki ba sa wasa da suna, awo suke yi. Sai abin ya ɗara mita 5 a saman ruwa ake ce masa "iceberg". Daga mita 1 zuwa 5 "bergy bit" ne, wato guntun tsauni. Wanda bai kai mita 1 ba shi ne "growler", mai gurnani, kuma matuƙa suna tsoronsa ƙwarai don da ƙyar ake hango shi cikin igiyar ruwa.

Wadda ta fi ba mu dariya ita ce "icicle", tsinin nan da ke reto daga bakin rufin ɗaki idan ruwa ya ɗigo ya daskare. A tsohon Turanci kalma biyu ce, ta biyun "gicel", wadda ita kanta ma'anarta guntun ƙanƙara. Ke nan ƙanƙarar guntun ƙanƙara suke cewa, shekara da shekaru, sun ma manta an taɓa yin ɗori a wurin.

Akwai biyu kuma da ba na dariya ba, muna so mai karatu ya riƙe su. Yau babu gidan zango da ba shi da wani a Bronx ko Hambog ko Toronto, da yawansu kuma tuƙi suke yi. "Black ice" ba baƙa ba ce, shimfiɗa ce siririya garau da ke kwanciya a kan kwalta, direba yana ganin baƙin titi ta cikinta ya ɗauka hanya lafiya lau, sai ya taka birki mota ta ƙi tsayawa. "Dry ice" kuwa ko kusa ba ruwa ba ce, iskar kabon ce da aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri. Ba ta narkewa ta zama ruwa, hayaƙi take komawa. Tana ƙona hannu, ba a haɗiye ta, ba a kuma rufe kai da ita a ɗaki ko a mota. A waɗannan biyun kalmar ƙarshe tana nan a matsayinta, amma ta farkon ce ke ɗauke da gargaɗin.

Muna cikin haka sai Kaka, mahaifiyarmu, wadda zafi ya hana barci, ta fito da mafici tana tambayar abin da ake ta musu a kai da tsakar dare. Muka ce ƙanƙara. Ta ce, "Ta sama ko ta inji?" Yarinyar ta juyo ta ce, "Kaka, da ma akwai ta sama?"

Wallahi wannan tambaya ta fi jan biron malam taɓa mu. Yarinya ta san "hailstone" don ta haddace shi a aji, amma ba ta san cewa kalmar ƙanƙara ta riga firiza zuwa duniya da ɗaruruwan shekaru ba. Hasali ma ba ta cika faɗar kalmar ba, ais take cewa, kamar sauran tsararrakinta. Kaka ta zauna ta ba ta labarin ƙuruciyarta a arewa, wajen Yendi, yadda wani lokaci da farkon damina hadari kan haɗu ya zubo da ita kamar tsakuwa, ta yayyaga ganyen shuka, yara su fita da ƙwarya suna tsinta suna tsotsa kafin ta narke. Shi ya sa ruwan ƙanƙara yake da fuska biyu a Hausa. In aka ce an yi ruwan ƙanƙara, manomi ne ke kuka. In aka ce a ba ni ruwan ƙanƙara, mai azumi ne ke jiran kiran salla. Ta kuma tuna mana da wata ma'ana ta uku da mu kanmu muka kusa mantawa, ƙanƙarar ƙyastu, ɗan dutsen nan da ake bugawa da ƙarfe a sami wuta, wanda maharba ke sa wa a bindigar toka. Ashe Bahaushe da Bature duk dutse suka gani a abin nan da ke faɗowa daga sama, shi ya liƙa "stone" a bayan kalmarsa, mu kuma muka ba su suna ɗaya.

Yarinyar ta ce amma duk da haka Turanci ya fi Hausa yawan kalmomi, ga shi shafi guda cur a kan abu ɗaya. Kaka ba ta san me ke cikin shafin ba, amma ta ce a kawo mata gero ta nuna wa Bature iyakarsa. Ta fara lissafi da yatsu, zangarniya, dami, tsaba, ƙaiƙayi, surfe, dusa, tsaki, gari, ƙullu, gasara, ba ta ma kai ga fura da kunu ba yatsun suka ƙare. Kuma ko wace ɗaya kalma ce mai zaman kanta, ba ɗori ba. Da muka sake duban shafin ƙamus ɗin da wannan ido, sai muka ga yawancin dukiyar kalma ɗaya ce tak aka yi ta ɗaura mata wasu a baya, bulo, dunƙule, tsauni, akwati, tire. Wannan kuwa ba abin da ya gagari Hausa ba ne. Lokacin da Bahaushe ya buƙaci suna ga farin abin nan da ke zuba a ƙasashen sanyi, wajen turmi ya koma ya ce dusar ƙanƙara, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana bakace ya san sunan ya dace.

Sai yarinyar ta karɓe tocila ta juya bayan takardar gwajin ta fara gwada nata. Wadda aka farfasa ƙanana, da Bature ke kira "crushed ice", ta sa mata tsakin ƙanƙara. Wadda aka kankare ta yi laushi, garin ƙanƙara. Ta tambulan, ta yi ta kai da kawo tsakanin ƙwaya da dunƙule. Ta Mma kuwa Kaka ce ta yanke, ta ce wannan ai ƙulli ne, tunda ƙulla shi ake yi, in kuma an kwance ledar ya zama curi kamar na fura. Mun lura da ta zo rubuta ta ƙasashen sanyi, "dusan kankara" ta rubuta, babu -r ɗin mace, babu ƙugiya a kan k. Haka Hausarmu ta zango take, miyan gyaɗa, rigan Salla, ba tun yau ba, kuma ko a can Zariya da Bauci akwai masu yin hakan. Muka buɗe baki za mu gyara, sai muka tuna jan biro biyu ya ishe ta a rana ɗaya. Muka bari sai wani dare.

Wutar da aka ce za a kawo da ƙarfe shida na safe ba ta zo ba sai wajen azahar. Da hantsi masu sobolo suka fara sallama, dole Mma ta yaye barguna ta ɗaga murfi. Na ƙasa suna nan da sauran ƙarfinsu, amma jeri biyu na sama duk sun saki, ledoji sai lagwai lagwai, ɗan guntu yana yawo a tsakiyar ko wace. Yarinyar tana shirin makaranta ta leƙo, ta ɗaga ɗaya ta jijjiga, ta ce, "Mma, wannan kam ya tashi daga ais bulok, ya koma ais wata. Kin ga, wata ce a ƙarshe." Mma ta fizge ledar ta jefa a akwatin mai saye, ta ce ta ji, a gaba ne ko a baya, rabin kuɗi za a ba ta, ta wuce ta tafi kada ta makara.